Inda Taswira Ta Yi Shiru

Goggo Dudu ta ce wa maƙwabta,
"Yaron nawa zane yake yi a Gombe,
wai har biyansa ake yi."
Na bar ta a haka. Ta ina zan fara?
In ce ina zaune a Jekadafari,
fanka na juyawa in an kawo wuta,
ina kallon ƙasa ta tsakar ka
kamar shirwar da ba ta da niyyar ɗan tsako?

Tauraron ɗan'adam ya aiko hoto.
Rufin kwano ba ya ɓuya, yana ƙyalli.
Na ciyawa kuwa launinsa ɗaya da gona,
sai ka ƙanƙance ido, ka bi inuwa:
wannan ɗaki ne, wannan rumbu,
wannan tsohuwar kuka ce ta sunkuya.
Ina latsawa, ɗigo na sauka,
ɗari huɗu kafin azahar.

A teburin kusa, Saratu 'yar Tula
tana auna bakin kwarin da ke cin unguwa,
bara taku nawa, bana taku nawa.
Kwantiraginmu wata shida ne.
Na kwarin ba shi da wa'adi.

Wata Laraba na ja allo zuwa gabas,
na wuce Dadin Kowa, na bi gefen ruwa
in ga inda aka binne cibiyata.
Fili fetal.
Ba suna, ba hanya, ko kashin ƙuda babu.
Ashe shi ya sa masu rigakafi ke juyawa a mararraba,
motar haƙa rijiya ta wuce mu har sau biyu.

Na hau babur da na'ura a aljihu,
girmanta bai fi sabulun wanki ba.
Bappa Manu ya juya ta, ya shinshina, ya miƙo mini.
"Ka ce tana gani daga sama?
To ta ga rijiyar da ta ƙafe
shekarar da aka yaye ubanka?
Wannan da ka kira hanya,
bari marka ta sauka, rafi ce.
Burtali kuma ta bayan tsamiya ya bi,
tambayi shanu."
Na goge layina. Na bi sandarsa.
Ya yi ta nuni har la'asar sakaliya,
ni mai digiri ina biye, ina cewa to.

Suna ne ya kusa raba zumunci.
Na tudu suka ce Wuro Manu,
na gangare suka ce Garin Barau tun kaka da kakanni.
Gurbi ɗaya ne a allon.
Na cusa duka biyun, na sa 'yar sanda a tsakani.

Da zan tafi jauro ya riƙe hannun babur.
"Wanda ya nuna wa likita hanya," in ji shi,
"ai ya nuna wa mai karɓar haraji,
da mai sayen gona da jakar kuɗi."
Ban da amsa. Har yau ban da ita.
Na dai tuna Ladiyo da naƙudarta,
da amalanken da ya isa asibiti bayan an gama.

Goma da ɗoriya arewa,
sha ɗaya da rabi gabas.
Daren nan intanet na jan ciki kamar hawainiya,
na zauna har ɗigon ya hau.

Da sallah na kai wa Goggo waya.
Ta goge yatsa a zane, ta taɓa,
garin ya kumbura a tafin hannunta.
Ta daɗe ba ta ce komai ba.
Ta sami masallaci, ta sami tsamiya,
ta bi lungu har gidanta.
Sai ta ce, "Ina turken akuyata?
Kuma wa ya ce maka ƙofata yamma take kallo?
Gyara."

Na gyara.